Washin Aska: Dutsen Haƙa da Dutsen Haɗi

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama gaban wanzami, a gindin bishiya ko a bakin kasuwa, ya san ba da aski ake fara aski ba. Da farko wanzami yakan kwance zabira, ya ɗauko ɗan dutse, ya ɗiga masa ruwa, ya goga aska a kansa, sa'an nan ya wuce da ita bisa fata ko tafin hannunsa, daga bisani ya jarraba ta a gashin hannunsa. Mai jiran aski yakan ɗauki wannan duka tamkar sharar fage. Alhali kuwa a nan ne ake yanke hukuncin ko zai tashi da kai sumul, ko kuwa da zogi da ƙuraje. Hausawa sun ce in aski ya zo gaban goshi ya fi zafi, to amma in aska dakusasshiya ce, tun daga ƙeya ake fara jin jiki.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana abin da dutse ke yi wa ƙarfen aska, da kuma kwatanta duwatsun washi iri biyu. Akwai wanda ake haƙowa daga ƙasa yadda Allah ya halicce shi, a yanka, a daidaita. Shi za a kira dutsen haƙa. Akwai kuma wanda ake haɗawa a masana'anta daga garin ma'adinai. Shi za a kira dutsen haɗi. Ma'abota aska a Turai da Amurka da Japan sun daɗe suna gardama a kan wanda ya fi. Za a nuna cewa rabin gardamar nan ba ta da tushe, domin mafi yawan kaifi a kan dutse mai kaushi ake samar da shi, inda ba wanda ke musun fifikon dutsen haɗi. Bambancin gaskiya yana wani wuri dabam, watau inda sanin dutsen yake zaune, ko a lambar da aka buga masa, ko a hannun mai riƙe da shi.

2.0 Kalmar Washi

A rubutun boko, kalmar "wasa" ta yara da "wasa" ta wanzami kamarsu ɗaya, karin sauti ne ya raba su. Ta yara suna ce, tana farawa da sautin ƙasa ta ƙare da na sama. Ta wanzami aikatau ce, tana farawa da sautin sama ta ƙare da na ƙasa. Daga wannan aikatau aka sami "washi", inda "s" ta koma "sh" a gaban wasalin "i" ta hanyar ganɗantawa, kamar yadda "fansa" kan ba da "fanshi". Daga nan kuma aka sami "mawashi", da ɗafa-goshin "ma-" mai nuna kayan aiki, irin na mabuɗi da magirbi da masassabi. Abin lura a nan shi ne Hausa ba ta kula da asalin dutsen ba. Aikinsa ta duba ta raɗa masa suna. Ko daga tsauni ya fito, ko daga tanderun masana'anta, muddin yana wasawa, mawashi ne.

Har ila yau kalmar ta fita daga zabira ta shiga fada da makaranta. Maroƙi yana wasa basarake, ɗan dambe yana wasa kansa da kirari, malami yana ba yara tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa. A duka ukun ma'anar ɗaya ce: abin yana da ƙarfensa tun asali, goga shi kurum ake yi don bakinsa ya fito.

3.0 Abin da ke Faruwa a Bakin Aska

Kaifi ba wani abu ba ne illa haɗuwar fuska biyu. Kowane gefe na bakin aska yana da ɗan siririn gangare, kuma inda gangaren nan biyu suka haɗu, nan ne kaifi. In sun haɗu sarai tun daga gindin aska har ƙarshenta, za ta yi aski. In akwai wurin da ba su haɗu ba, ko da ido bai gani ba, to wurin zai riƙa jan gashi maimakon yanke shi. Kaurin bakin aska wasasshiya bai kai rabin maikuron ba, shi kuwa maikuron kashi ɗaya ne cikin 1000 na milimita. Silin gashin gemu yakan kai maikuron 100. Ke nan ana aiki ne a kan abin da ya fi silin gashi siranta fiye da sau 200.

Wani zai yi mamakin yadda gashi ke dakusar da ƙarfe. A shekarar 2020 waɗansu masu bincike a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts a Amurka sun ɗauki hoton reza tana yanke gashi a ƙarƙashin na'urar ƙara girman abu. Suka ga cewa, ko da yake ƙarfe ya fi gashi tauri kamar sau 50, gashin kan ɓalle ƙananan giɓi a bakinsa, musamman in silin ya lanƙwasa ya tari bakin a karkace, kuma ya dace da wurin da ƙarfen bai haɗu da kyau ba. Watau aska ba ta hanyar goguwa kaɗai take dakushewa ba, har da ɓantaruwa. Ga kuma tsatsa, wadda danshi kaɗan ya ishe ta cinye baki mai wannan siranta.

Askar Turawa mai naɗewa, irin wadda aka san garuruwan Sheffield a Ingila da Solingen a Jamus da Thiers a Faransa da ƙerawa, tana da wata hikima a ƙirarta. Gadon bayanta mai kauri ne, an kuma rarake cikinta daga gefe biyu, har ya zamana in aka kwantar da ita bisa dutse wuri biyu kaɗai ke taɓawa, gadon baya da baki. Faɗinta yakan ninka kaurin gadon bayan kamar sau uku da rabi, wannan kuwa shi ke tsayar da kusurwar baki a wajen digiri 15 zuwa 18, kusan rabin ta wuƙar girki. Saboda haka mai washi ba ya bukatar auna kusurwa, askar ce ke ɗauke da ma'auninta a bayanta. Askar da maƙeran gida ke ƙera wa wanzamai galibi ba ta da wannan rarakar, don haka yatsun wanzami ne ke riƙe kusurwar. Wannan ya fi wuya nesa ba kusa ba, kuma yana cikin dalilan da suka sa ɗan wanzami kan daɗe yana ɗaukar zabira kafin a sakar masa kan mutum.

4.0 Dutsen Haƙa

Ba kowane dutse ne mawashi ba. Sai wanda ke ɗauke da ƙananan ƙwayoyi waɗanda suka fi ƙarfe tauri, masu girma kusan ɗaya, kuma jikinsa na sakin su a hankali. A ma'aunin taurin ma'adinai da Friedrich Mohs ya tsara a 1812, mai hawa 10, silika, watau sinadarin yashi da ƙanƙarar ƙyastu, tana hawa na 7, ƙarfen aska kuwa yana ƙasa da ita kaɗan. Da wannan 'yar tazara mafi yawan duwatsun haƙa ke aiki, shi ya sa suke da nawa. Dutsen yashi mai laushi ana samunsa a ƙasashe da yawa, kuma ya ishi wuƙa da lauje. Wanda ya yi laushin da zai gama bakin aska shi ne ke da wuyar samu, har wurarensa a duniya ana iya ƙirga su.

Mafi shahara a Turai shi ne wani dutse mai ruwan ɗorawa da ake haƙa a tsaunukan Ardennes na Beljiyam, kusa da garin Vielsalm. Sunansa kotikul, daga kalmar Latin mai ma'anar ɗan ƙaramin mawashi. Yana fitowa ne a siraran jijiyoyi tsakanin wani dutse mai shuɗi-shuɗi, saboda haka akan same shi manne da shuɗin, ko a liƙa shi bisa wani dutse don kada ya karye. Abin da ke yanka a cikinsa ƙwayoyin ganet ne, masu girman maikuron 5 zuwa 15, waɗanda suka kai kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na jikinsa. In da girma kaɗai ake dubawa, da bai cancanci gama aska ba, domin ƙwayoyin sun yi girma. To amma ƙwayar ganet kusan mulmulalliya ce, mai fuskoki 12, don haka zanen da take yi wa ƙarfe ba shi da zurfi. Ga shi kuma dutse ɗaya yana aikin duwatsu da yawa. In aka goga masa ɗan gutsurensa da ruwa, sai wani farin ruwa mai kauri ya taso, wanda za a iya kira kunun dutse. Da kunu mai kauri yana cin ƙarfe da sauri, amma ƙwayoyin da ke yawo suna bugun bakin, ba sa barinsa ya kai matuƙar kaifi. Sai a riƙa ɗiga ruwa ana tsinka kunun kaɗan-kaɗan, har a ƙare da ruwa zalla. Sanin lokacin da za a ƙara ɗigo shi ne dukan sana'ar, kuma ba a rubuce yake a jikin dutsen ba.

A Japan, duwatsun gamawa sun fito ne daga tsaunukan da ke arewa maso yammacin Kyoto, kuma ramin Nakayama shi ya fi suna. Asalinsu laka ce da ɓawon ƙananan halittun teku masu silika, waɗanda suka kwanta a ƙarƙashin ruwa tun miliyoyin shekaru. Masu aski a can sun bi wata hanya: dutse ɗaya mai tauri suke ajiyewa, sa'an nan su riƙa tayar da kunu a kansa da waɗansu ƙananan duwatsu da ake kira nagura, daga yankin Mikawa, suna bi daga mai kaushi zuwa mai laushi. An rufe yawancin ramukan Kyoto tun cikin ƙarni na 20, saboda haka abin da ke kasuwa galibi tsohon ajiya ne, ga tsada, ga jabu.

Amurka tana da dutsen Arkansas, daga tsaunukan Ouachita. Masana ƙasa suna kiransa nobakulait, daga kalmar Latin mai nufin aska. Kusan silika ne zalla, mai tauri ƙwarai, ba ya sakin kunu, kuma da mai ake aiki da shi maimakon ruwa. Yana da nawa ainun, amma yakan yi zamani bai ƙwarɓe ba. Jamus ma tana da nata daga yankin Thüringen, mai laushi, na ruwa, wanda aka daɗe ana sayar wa masu aski.

Aibin dutsen haƙa ɗaya ne, kuma babba ne: babu guda biyu masu hali ɗaya. Duwatsu biyu daga rami ɗaya, wani ya yi sauri wani ya yi nawa, wani kuma a tarar da wata jijiya mai tauri ta ratsa shi, wadda za ta yi wa aska giɓi duk lokacin da ta bi ta kai. Mai saye ba ya sanin abin da ya saya sai ya sa ƙarfe.

5.0 Dutsen Haɗi

A 1891 wani Ba'amurke mai suna Edward Acheson yana ƙoƙarin haɗa daimon ta hanyar dafa yumɓu da gawayi da wutar lantarki. Bai sami daimon ba, sai waɗansu ƙwayoyi masu ƙyalli da tsananin tauri, haɗin silikon da kabon. Ya sa musu suna Carborundum, ya sami takardar mallakar fasaha a 1893, ya kuma kai masana'antarsa Niagara a 1895 saboda arhar lantarkin ruwa. Ba da daɗewa ba aka gano yadda ake narka alumina a tanderun lantarki, ita kuwa tana hawa na 9 a ma'aunin Mohs. A ƙarshen 1954 kamfanin General Electric ya cim ma abin da Acheson ya nema, watau daimon na haɗi, mai hawa na 10. Waɗannan uku su ne ƙwayoyin kusan dukan duwatsun haɗi. Akan niƙa su, a tace, a cuɗa da abin ɗauri, ko yumɓun da za a gasa, ko wani irin ƙaro, ko siminti, a matse su a zubi.

Abin da dutsen haɗi ya kawo sabo shi ne lamba. Asalinta daga rariya ne, watau yawan ƙofofin da ke cikin inci ɗaya na rariyar da garin ya bi, ko da yake gari mai laushi sosai da ruwa ake rarrabe shi, gwargwadon saurin kwanciyarsa. Yawan lamba, yawan laushi. Dutse mai lamba 1000 ƙwayarsa ta haura maikuron 10, mai lamba 4000 ta sauko ƙasa da rabin haka, mai 8000 kuwa tana tsakanin maikuron 1 da 3. Da lamba, wanda bai taɓa zama gaban gwani ba yana iya sayen duwatsu uku ko huɗu, ya bi su a jere, ya sami aska mai aski. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma masu raina dutsen haɗi sukan manta da shi.

Duk da haka lambar ba ta faɗi gaskiya duka ba. Ma'aunin Japan dabam, na Turai dabam, na Amurka dabam. Dutse mai 8000 na wani kamfani ƙwayarsa maikuron 3 ce, na wani kuwa ba ta kai 2 ba. Haka kuma lamba ba ta faɗin siffar ƙwaya ko taurin abin ɗauri, alhali an ga a misalin kotikul cewa siffa tana iya rinjayar girma. Saboda haka masu sayar da dutsen haƙa da ke cewa nasu "daidai yake da 12000" kintace kurum suke yi. Bugu da ƙari, dutsen haɗi na ruwa yana saurin yin kwarmi a tsakiya, sai an riƙa daidaita fuskarsa da farantin daimon ko takardar yashi a kan gilashi. Waɗansu sai an jiƙa su kafin aiki, waɗansu kuwa jiƙawar ce ke tsattsaga su.

6.0 Matakan Washi

Ko da wane dutse za a yi, aikin hawa uku ne. Na farko shi ne kafa baki, watau cin ƙarfe har fuskokin nan biyu su haɗu. A nan ake ɓata mafi yawan lokaci, kuma a nan mafi yawan masu koyo ke faɗuwa. Akan kwantar da aska, gadon baya da baki duka suna taɓa dutse, a tura ta baki na gaba kamar za a feƙe fuskar dutsen, a ɗan karkata tafiyar don dukan tsawon bakin ya sami rabonsa. In an kai ƙarshe, a kan gadon baya ake juya ta, ba a kan baki ba. Mai son tabbatarwa yakan shafa wa gangaren tawada, ya yi tafiya biyu ko uku, ya duba: duk inda tawada ta saura, dutse bai kai can ba. Ba a barin wannan mataki sai askar ta aske gashin hannu a kowane sashe nata. Dutsen haɗi mai lamba 1000 ya fi dacewa da wannan aiki, har masu ƙaunar dutsen haƙa ma galibi da shi suke farawa.

Mataki na biyu shi ne share zanen da dutsen farko ya bari, da duwatsu masu ƙarin laushi. Na uku shi ne gamawa, inda ake sassauta hannu har ya zama nauyin askar kaɗai ke kan dutse. Dannawa a nan ɓarna ce, domin askar da aka rarake tana lanƙwasa, sai bakin ya ɗaga daga dutse, ko kuwa ya fitar da wani siririn leɓen ƙarfe wanda zai karye a askin farko. Dutsen gamawa, kome tsadarsa, ba ya gyara bakin da ba a kafa ba. Sai dai ya sa dakusasshiyar aska ta yi ƙyalli.

Fata kuwa ba mawashi ba ce a haƙiƙa, ko da yake baki ya saba haɗa su. A kanta gadon baya ne ke gaba, baki na biye, in ba haka ba a yanke ta. Aikinta share datti da tsatsar da ba a gani, da miƙar da bakin da ya ɗan kwanta. Kafin kowane aski ake bin fata, dutse kuwa sai fata ta kasa, wanda ga mai aske gemunsa kaɗai yakan ɗauki watanni. Wanzami mai kawuna da yawa a yini dole ya fi shi yawan komawa ga dutse.

To a mataki na uku kaɗai gardamar ta rage. Masu dutsen haƙa suna cewa bakinsa ya fi taushi a fata, masu dutsen haɗi suna cewa nasu ya fi kaifi kuma ba ya saɓa alkawari. Kowane ɓangare yana da gaskiya gwargwado, sai dai taushin nan abu ne da fatar mutum ke ji, kuma fata ba iri ɗaya ba ce, gemu ma haka. Abin da za a iya faɗa ba tare da shakka ba shi ne, mai koyo ya fi samun sauƙi da dutsen haɗi, domin in aski bai yi ba ya san laifin hannunsa ne. Da dutsen haƙa kuwa ba zai san ko shi ne bai iya ba, ko dutsen ne ba shi da kirki. Wanda ya shekara goma da dutse guda, ya san ƙararsa da yadda yake kama ƙarfe in baki ya kusa, shi lamba ba za ta ƙara masa kome ba.

7.0 Mawashi a Zabirar Yau

A Turai da Amurka reza ce ta kori mawashi. King Camp Gillette ya sami takardar mallakar rezarsa ta yarwa a 1904, kuma bayan an raba ta ga sojojin Amurka a Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai aske gemu ya bar hannun masu aski ya koma gida. Washin aska a can ya zama abin sha'awar 'yan tsiraru.

A ƙasar Hausa aska ta fi daɗewa, domin aikin wanzami ya wuce gashi. Shi ne mai askin suna ran bakwai, da kaciya, da ƙaho, da cire belu, har sana'ar tana da shugabanta mai sarautar Sarkin Aska. Abin da ya girgiza ta cuta ce. An ba da rahoton ƙanjamau na farko a Nijeriya a 1986, kuma ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa aƙalla kwana 7 a busasshen jini a jikin ƙarfe. Wajibi ne a faɗa a fili cewa washi ba ya kashe ƙwayar cuta. Dutse da fata ma suna iya ɗaukar ta daga aska zuwa aska, tun da ba a dafa su. Askar da ta taɓa jinin wani sai an wanke ta an tafasa, ko a ba kowa tasa. Wannan ne ya sa wanzamai da yawa suka koma ga mariƙi mai kamar aska wanda ake saka wa ɓarin sabuwar reza, a ɓare ta a gaban mai aski, a yar bayan an gama. Ta fuskar lafiya wannan daidai ne, ba kuma mai hankalin da zai nemi a koma baya. Sai dai yaron da ya tashi a kan reza zai iya zama wanzami bai taɓa kafa baki a kan dutse ba, kuma sunayen da dattawan sana'ar ke kiran irin duwatsunsu da su, da wuraren da suke samo su, da yadda suke gane mai kyau, duka a bakinsu suke. Masu nazarin harshe da ke tattara kalmomin sana'o'in gargajiya za su sami aiki a nan, kuma gidan Sarkin Aska na kowane gari shi ne wurin da ya kamata a fara sallama.